Ma'anar karon nahiyoyi, da yadda tsaunuka ke tasowa

Duk sanda aka yi girgizar ƙasa a Nefal ko Iran sai ka ji masana suna ta ambaton karon nahiyoyi, da yawanmu kuma da mun ji kalmar karo sai hankali ya tafi kan motoci biyu da suka gwabza, ƙara ɗaya an gama. To ba haka abin yake ba sam. Wannan karon a hankali yake tafiya, kamar tsirar farce, kuma ana shafe miliyoyin shekaru ana yin sa.

Ƙasar nan da muke takawa ba dunƙule ɗaya ba ce, ɓawonta a tsattsage yake zuwa manyan farantai da ke motsi a kan dutse mai tsananin zafi da ke can ƙarƙashi. Ɓawon kuma iri biyu ne. Na ƙarƙashin teku siriri ne amma mai nauyi, na nahiya kuwa kauri gare shi, wajen kilomita 35 zuwa 40, sai dai bai kai wancan nauyi ba. Idan na teku ya haɗu da na nahiya to na tekun ne ke nutsewa ya shige ƙarƙashi. Amma idan tekun da ke tsakani ya ƙare kaf, nahiya ta zo ta tarar da 'yar'uwarta nahiya, nan fa ake yin ta, don babu wadda za ta iya nutsewa sosai, duk ba su da nauyin. Sai gefunansu su lanƙwashe, su kakkarye, wani falan ya hau kan wani. Ka shimfiɗa bargo a ƙasa ka tura shi da hannu biyu daga gefe da gefe, ka ga yadda tsakiyarsa ke tattarewa tana tasowa? Haka tsaunuka ke samuwa, masana jiyoloji, wato ilimin ƙasa da duwatsu, suna kiran wannan aikin orojeni, kalmar Girkanci ce mai nufin haihuwar tsauni.

Misalin da ya fi burge ni shi ne Indiya. A da can tsibiri ce ita kaɗai a kudu, tana tahowa arewa da gudun da ya kai santimita 15 a shekara, wanda a wajen farantai wannan gudu ne na fitar hankali. Tsakaninta da Asiya akwai wani teku da ake kira Tetis. Wajen shekaru miliyan 50 da suka wuce tekun ya rufe, Indiya ta daki Asiya, Himalaya ta fara tashi. Ɓawon ƙasa a ƙarƙashin Tibet, babban tudun da ke arewa da Himalaya, ya ninku har ya kai kusan kilomita 70, shi ya sa tudun ya ɗaga sama da mita 4,500, domin tsauni yana da saiwa, abin da ke ɓoye a ƙasa ya fi wanda ido ke gani yawa nesa ba kusa ba.

Ga abin da ke sa ni yin shiru in ce ikon Allah. Ƙololuwar Everest, tsaunin da ya fi kowanne tsayi a Himalaya, mita 8,849 a sama, dutsen farar ƙasa ne da ya taru a gindin teku, a cikinsa akwai burbushin ƙananan halittun ruwa da suka rayu shekaru wajen miliyan 450 baya. Wato mai hawan dutse da ya isa can yana numfashi da kyar, a kan tsohon gindin teku yake tsaye.

Kuma fa har yau karon bai tsaya ba, Indiya na ci gaba da kutsawa da santimita 4 zuwa 5 duk shekara. Duwatsun kan maƙale su yi ta tara ƙarfi, rana ɗaya su suɓuce, irin abin da ya faru a Nefal ranar 25 ga Afrilu 2015 kenan, girgiza mai ƙarfin 7.8 da ta kashe kusan mutum 9,000.

Tsaunukan Alps na Turai da Zagros na Iran su ma duk 'ya'yan irin wannan karo ne. Na Ural a Rasha da Afalaciya a Amurka kuwa tsofaffi ne, nasu karon ya ƙare tun sama da shekaru miliyan 200, ruwa da iska da ƙanƙara sun yi ta cin su har suka zama gajeru masu sulɓin kai.