Souffle, bruit da murmur: inda Faransancin asibiti ke kayar da mai fassara

Majinyacin da aka duba a Maraɗi ko Damagaram, sannan ya tsallako Katsina ko Kano neman magani, da takardar Faransanci yake zuwa, domin da wannan harshe ake koyon likitanci a Yamai, da shi kuma ake rubutun asibiti a Nijar. Likitan da zai karɓe shi kuwa Ingilishi ya karanta. Dole wani ya juya takardar, ko ɗan'uwa mai boko, ko ma'aikacin jinya da ya ɗan taɓa Faransanci, ko manhajar waya. Sunayen magunguna da alƙaluman gwajin jini ba su cika ba da wahala ba. Inda ake faɗuwa shi ne layin da likita ya rubuta abin da kunnensa ya ji lokacin da ya ɗora abin sauraro a ƙirji, ko a wuya, ko a ciki.

Jinin da ke tafiya a lafiyayyar jijiya ba ya ƙara. Sai hanya ta tsuke, ko gudunsa ya yi yawa, ko shi kansa ya tsinke saboda ƙarancin jini, sannan yake hautsinewa ya riƙa wani huci, fuu, fuu, daidai da bugun zuciya, kamar ruwan da aka danne wa bakin tiyo da yatsa. Wannan hucin Bafaranshe yake kira souffle, ko a ina ya ji shi. Ingilishi kuwa ya raba shi gida biyu: idan daga cikin zuciya ya taso, murmur ne, idan daga jijiyar jini ya taso, bruit ne. Don haka souffle cardiaque shi ne heart murmur, souffle carotidien kuma, wato hucin babbar jijiyar wuya mai kai jini ƙwaƙwalwa, shi ne carotid bruit. Souffle abdominal da ake ji a saman cibiya, wanda a jikin mai hawan jini kan sa a yi zargin tsukewar jijiyar ƙoda, shi ma abdominal bruit ne.

Abin da ya dagula lamarin shi ne ita bruit ɗin kalmar Faransanci ce, amma a gidansu ba wannan ma'anar take ɗauke da ita ba. A Faransanci, bruit ƙara ce kawai, kowace iri, daga ta mota har ta yara a tsakar gida. Bruits du cœur, wanda ake taƙaitawa BDC, shi ne sautin bugun zuciya na kowa da kowa, wanda Ingilishi ke kira heart sounds. B1 da B2 na takardar Nijar su ne S1 da S2 na takardar Najeriya. Idan aka rubuta "BDC réguliers, pas de souffle", an ce zuciya na bugawa daidai, babu huci, albishir ke nan. Mai fassarar da ya ga bruits ya ce ai akwai ta a Ingilishi, ya kwafe ta yadda take, ya ɗora wa lafiyayyen mutum ciwon da ba shi da shi. Haka bruits de Korotkoff, ƙwanƙwasar da ake ji a gwiwar hannu lokacin awon hawan jini, wadda likitan Rasha Nikolai Korotkov ya bayyana a 1905: ko da yake daga jijiya take fitowa, Korotkoff sounds ake cewa.

Asalin wannan rikici yana Faris. A 1816 René Laennec, likita a asibitin Necker, ya naɗe takarda ya kara a ƙirjin wata majinyaciya, ya ji bugun zuciyarta ya fito rangaɗau. Daga nan ya ƙera bututun katako, a 1819 kuma ya fitar da littafinsa a kan sauraren ƙirji. Tun da babu sunaye ga abubuwan da yake ji, sai ya riƙa aro daga kayan aiki: bruit de soufflet, ƙarar zugazugin maƙera, bruit de râpe, ƙarar magagari, bruit de scie, ƙarar zarto. John Forbes ya mayar da littafin Ingilishi a 1821, likitocin Ingila da Amurka kuma suka yi ta zuwa Faris koyon sabon ilimin. Sun ɗauko waɗannan sunaye ɗungurungum, daga baya jelar ta gutsure, bruit ta tsaya ita kaɗai da ma'anar hucin jijiya. Su kuma Faransawa suka zauna a kan souffle.

Ƙa'idar zuciya murmur, jijiya bruit tana da kyau, amma a ganina an fi tsira idan aka tambayi inda hucin ya taso, ba inda aka ji shi ba. Tsukewar ƙofar da jini ke fita daga zuciya zuwa babbar jijiya tana yin huci mai ƙarfi da ke hawa har wuya. Likita zai rubuta "souffle systolique irradiant aux carotides". Sunan jijiyar wuya ya fito a jimlar, amma ciwon yana cikin zuciya, saboda haka murmur ne mai kaiwa wuya. Wanda ya mayar da shi carotid bruit ya karkatar da hankalin likita na biyu: maimakon hoton zuciya, sai a tura mutum hoton jijiyar wuya, ana tsoron maiƙo ya toshe ta ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Kuɗin hoto ya tafi, na mota ya tafi, ƙofar zuciya tana nan yadda take. Lambar da ake gani a gefe, kamar 3/6, ma'aunin ƙarfin hucin zuciya ne daga 1 zuwa 6, tsarin da ya samo asali daga Samuel Levine a 1933, kuma ganinta alama ce mai kyau cewa murmur ake nufi.

Murmure ma akwai ta a Faransanci, ita ma tarko ce. Murmure vésiculaire, MV a taƙaice, sautin iska ne mai shiga huhu lafiya lau, wanda Ingilishi ke kira vesicular breath sounds. Jin sa ake so, raguwarsa ko ɓacewarsa ce abin damuwa.

Akwai inda huci kansa shi ne lafiya. Mai wankin ƙoda da aka haɗe masa jijiyoyi biyu a hannu domin samun wurin sa allura, kullum ana so a ji bruit a wurin, a kuma ji wata karkarwa idan an ɗora yatsa. Karkarwar ita ce frémissement, Ingilishi ya ce thrill, kuma likitocin Faransa da kansu sun ari thrill ɗin suna rubuta ta haka. "Absence de souffle" a kan irin wannan hannu na nufin wataƙila jini ya daskare ya toshe hanyar, aikin gaggawa ne. Mai fassarar da ya saba ɗaukar rashin huci a matsayin albishir zai iya sassauta jimlar ba da saninsa ba.

Sai wanda ya fi ba ni dariya, bruit de diable. Duk wanda ya bi ƙamus zai rubuta ƙarar shaiɗan, ya tayar wa dangi hankali a banza. Diable a nan wani abin wasan yara ne da ake juyawa a kan zare tsakanin sanduna biyu, yana gurnani. An ba da sunansa ga gunjin da ake ji a gindin wuya, saman ƙashin karankarma, musamman a jikin yara da masu ƙarancin jini. Ingilishi venous hum yake ce masa, kuma yakan ɗauke idan yaron ya kwanta ko aka ɗan danna jijiyar da yatsa. Bruit de galop, bugun zuciya mai kama da sukuwar doki, gallop rhythm ne.

Wani wurin da Ingilishi ya bar souffle da sunanta shi ne ɗakin awon ciki. Hucin jijiyoyin mahaifa da ungozoma ke ji a jikin mai juna biyu uterine souffle ne, yana tafiya daidai da bugun zuciyar uwa. Na igiyar cibiya kuma funic souffle, shi yana bin bugun jariri, wanda ya fi sauri nesa ba kusa ba.