Zaɓi Bisa Sani Da Sakamakonsa A Ƙarshen Wasan Mass Effect 3: Tambayoyi Da Amsoshi

Wane wasa ne wannan, kuma me ya sa ƙarshensa ya zama abin muhawara?

Mass Effect jerin wasannin bidiyo ne na almarar kimiyya, waɗanda kamfanin BioWare da ke birnin Edmonton na ƙasar Kanada ya ƙirƙira. Kashi na farko ya fito a 2007, na biyu a 2010, na uku kuma a watan Maris na 2012. Mai wasa yana riƙe da Kwamanda Shepard, jagoran kumbon Normandy, wanda ke ƙoƙarin haɗa kan al'ummomin taurari domin tunkarar Reapers, wasu manya-manyan injuna masu tunani da ke dawowa duk bayan kimanin shekara 50,000 su shafe kowace al'umma da ta ci gaba. Abin da ya sa mutane suka shaƙu da wasan shi ne, shawarar da mutum ya yanke a kashi ɗaya tana binsa zuwa kashi na gaba. Wanda ya bar ɗaya daga abokan tafiyar Shepard, Ashley ko Kaidan, ya mutu a duniyar Virmire a kashi na farko, ba zai sake ganinsa da rai ba. Bayan shekara biyar ana wannan tafiya, masu wasa sun sa ran ƙarshen labarin zai zama girbin abin da suka shuka.

Me ake nufi da zaɓi bisa sani?

Shi ne a ce mai wasa yana da isasshen bayani da zai yi hasashen abin da zai biyo bayan shawararsa, ko da bai san komai dalla-dalla ba. Ƙarshen kashi na biyu ne ya fi nuna haka. Kafin hari na ƙarshe, abokan tafiyar Shepard sukan ba shi shawarar ƙarfafa sulken kumbo da garkuwarsa da bindigoginsa, kuma kowannensu yana da wata damuwa tasa da idan aka warware masa zai tsaya da zuciya ɗaya. A cikin harin sai a ce a zaɓi wanda zai bi ta cikin bututun iska ya buɗe ƙofa. Duk wanda ya zauna ya saurari mutanensa ya san cewa Tali injiniya ce, don haka ita ta dace da aikin. Wanda kuwa ya tura wani don kawai yana sonsa, zai ga an harbe shi a bakin ƙofa. A nan kowa yana iya tsira, kowa kuma yana iya mutuwa, har da Shepard kansa, kuma mai wasa yana iya bin sawu ya gano inda ya yi kuskure.

To, yaya kashi na uku ya ƙare?

A mintunan ƙarshe Shepard yana isa wani sashe na Citadel, wata babbar tashar sararin samaniya, a jigace, sai wata halitta mai suna Catalyst ta bayyana a siffar ƙaramin yaro, ta ce ita ce ke juya Reapers. Daga nan ta shimfiɗa masa hanyoyi uku: ya hallaka su tare da duk wata halitta ta inji, ko ya karɓi ragamar sarrafa su, ko kuma ya narkar da kansa domin a haɗe masu rai da injuna su zama jinsi ɗaya. Kowace hanya da launinta, ja da shuɗi da kore, kuma bidiyon da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne in ban da launin hasken da ke bazuwa.

Ina matsalar take, tunda an ba da zaɓi har uku?

Matsalar ta farko ita ce tushen bayanin. Duk abin da mai wasa ya sani game da hanyoyin nan uku daga bakin shugaban maƙiyansa ya fito, a haɗuwarsu ta farko, kuma ba shi da damar yi masa tambayoyin ƙwaƙwa. Catalyst ya kafa hujjarsa a kan cewa injuna ba za su taɓa zama lafiya da waɗanda suka ƙera su ba, alhali mai wasa da ya yi ƙoƙari yana iya kasancewa ya sulhunta al'ummar quarian da injunan geth a duniyar Rannoch sa'o'i kaɗan kafin nan, amma ba a ba shi bakin faɗin haka ba.

Ta biyu ita ce sakamakon da ba a nuna ba. An ga tashoshin da kumbuna ke bi su tsallaka tsakanin taurari suna tarwatsewa, kuma wani ƙarin labari na 2011 mai suna Arrival ya riga ya nuna cewa fashewar guda ɗaya ta shafe tauraro da duniyoyinsa. Shin kowa ya mutu ke nan? Wasan ya yi shiru. Haka kuma an ga Normandy tana gudu ta faɗa wata duniya mai kurmi, wani lokaci abokan da ke tare da Shepard a fagen fama su fito daga cikinta ba tare da wani bayani ba. Fushin da ya biyo baya ya zo da salo: wasu masoya wasan sun aika wa BioWare ƙananan kek kimanin 400 masu launin ja da shuɗi da kore, dukkansu ɗanɗano ɗaya, wasu kuma suka tara kimanin dala 80,000 ga gidauniyar Child's Play mai tallafa wa yara marasa lafiya, domin a ji kokensu.

Ashe ba a cikin duhu ake yanke manyan shawarwari a yaƙi ba?

Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma wasan da ya bayyana sakamakon kowane zaɓi tun kafin a yi shi ya zama lissafi kawai. Sai dai rashin tabbas iri biyu ne. A kashi na biyu ana tambayar mai wasa ko ya adana bayanan wani mugun bincike da masani Maelon ya yi kan cutar da ta hana al'ummar krogan haihuwa, ko ya lalata su. Bai san ranar da za su yi amfani ba, amma ya san abin da ya ɗora a kan sikeli: ilimin da aka samo ta hanyar zalunci, da yiwuwar magani. Sai a kashi na uku ne ran Eve, macen krogan da maganin ya dogara da ita, ya rataya a kan wannan shawara. A ganina wannan duhu ne mai ma'ana, domin mutum ya fahimci tambayar ko da amsar ta ɓuya. A gaban Catalyst kuwa, tambayar ce kanta ba a fahimta ba, musamman hanyar kore, wadda ke sauya jikin kowace halitta ba tare da an nemi yardarta ba.

Shin gyaran da aka yi daga baya ya magance abin?

A ranar 26 ga Yuni, 2012, BioWare ya fitar da ƙari kyauta mai suna Extended Cut. An ƙara tambayoyin da Shepard zai yi wa Catalyst, an nuna yadda aka kwashe abokansa daga fagen fama, tashoshin tafiya suka zama lalatattu da za a iya gyarawa, sannan kowane ƙarshe ya samu mai ba da labari da hotunan makomar al'ummomi gwargwadon abin da mai wasa ya aikata. An kuma rage makin ƙarfin soja da ake buƙata kafin a ga alamar Shepard ya rayu, daga 4,000 zuwa 3,100, wanda ya sauƙaƙa wa waɗanda ba sa wasa da wasu ta intanet, tunda a lokacin irin wannan wasa yana ƙara makin. Har ila yau an ƙara hanya ta huɗu, wato ƙin zaɓar komai, inda Reapers ke yin nasara, sai saƙon da Liara, abokiyar tafiyar Shepard, ta binne ya isa ga al'ummomin zagaye na gaba. Ɓangaren sakamako ya gyaru sosai. Ɓangaren sani kuwa rabinsa aka taɓa, domin cikakken asalin Catalyst sai a ƙarin labarin Leviathan na watan Agusta na wannan shekara aka bayyana shi, shi kuma a lokacin saye ake yi.