Waiwaye: Yadda yunwa ta shigo filin wasan jami'a

In la'asar ta yi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, filin ƙwallo yakan cika da samari. Ɗalibai suna da wani lissafi da suke kira 0-1-0: ba karin kumallo, a ci da rana, a kwana da ruwa. Mai zaman aji yana iya daurewa. Amma wanda zai yi awa biyu yana gudu a zafin Sakkwato na watan Afrilu, da ke haura maki 40, jikinsa ne ke biyan bashin.

Da ba haka abin yake ba. Lokacin da aka fara gasar wasannin jami'o'i ta NUGA a Ibadan a 1966, har zuwa kafa jami'ar Sakkwato a 1975, ɗalibi yana cin abinci sau uku a ɗakin cin abinci na makaranta da tikiti mai rangwame. A 1978 gwamnatin Obasanjo ta ƙara kwabo 50 a kuɗin abincin yini, ɗalibai suka yi boren neman a tsige kwamishinan ilimi Ahmadu Ali, aka rasa rayuka a Legas da Zariya. A 1984 gwamnatin Buhari ta soke tallafin abincin gaba ɗaya. Tun daga ranar ɗan wasa ya koma dogaro da abin da aka aiko daga gida, ga shi gidan ma ya shiga matsi: an cire tallafin mai a 2023, tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a 2024, 'yan bindiga kuma sun raba manoman yankunan Isa da Sabon Birni na jihar Sakkwato da gonakinsu.

Abin da ya fi damuna shi ne sikeli ba ya tona wannan asiri. Yaro zai cika ciki da garin kwaki da taliya, nauyinsa bai ragu ba, koci ya ce lafiya lau yake. Alhali tsoka ce ke zaizayewa, ƙashi yana yin rauni. Masana sun ce ɗan wasa na buƙatar furotin, wato sinadarin gina jiki, giram 1.2 zuwa 2 a kan kowane kilo na nauyinsa kullum. Mai kilo 70 ke nan yana neman aƙalla giram 84, ƙwai ɗaya kuwa kusan giram 6 ne. Wake, awara, ƙuli-ƙuli da nono suna cike giɓin, in akwai kuɗinsu. 'Yan mata sun fi shan wuya, domin ƙarancin jini da ɗaukewar al'ada kan biyo baya, kuma kunya ba ta barin su faɗa. A 2014 kwamitin Olamfik na duniya ya amince cewa ƙarancin kuzarin da rashin isasshen abinci ke jawo wa 'yan wasa yana taɓa maza da mata duka.

A shekarar ce kuma a Amurka Shabazz Napier, ɗan ƙwallon kwando na Jami'ar Connecticut, ya faɗa wa 'yan jarida cewa yakan kwana da yunwa. Ba a jima ba hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ta ɗage ƙa'idar da ta taƙaita ciyar da 'yan wasan manyan jami'o'i.

A nan gida, abin da ya fi kusa da haka shi ne rancen ɗalibai na gwamnatin tarayya, wato NELFUND, da aka fara a 2024. Kuɗin ɗawainiyar da ke cikinsa naira 20,000 ne a wata, wato ƙasa da naira 700 a yini, a ciki za a ci, a hau mota zuwa makaranta, a sayi takalmin wasa.