Man Mota Daga Gona: Amsoshin Da Na Gaji Da Maimaitawa

Tun da aka san ina sarin masara a Ejura da Techiman, ba na zama a majalisa a Aboabo wani bai jefo mini maganar man da ake tatsa daga amfanin gona ba. Ga amsoshin nan a rubuce, wanda ya sake tambaya zan miƙa masa waya.

Da gaske ana yin man mota da abinci?

Da gaske. Burazil na yi da rake tun 1975, Amurka kuma sama da kashi ɗaya cikin uku na masararta wajen yin mai yake tafiya.

Shi ya sa olonkar masara (gwangwanin awo) ta yi tsada a Asawase?

A'a, Hajiya. Gaskiya ne a 2007 da 2008 wannan harka ta taimaka wajen ɗaga farashin hatsi a duniya. Amma kokonki da tuwon zafinki, abin da ya taɓa su yana nan kusa: faɗuwar darajar sidi, kuɗinmu na Ghana, tsadar taki, kuɗin mota, da farin da ya ƙone gonakin arewa a 2024 har gwamnati ta hana fitar da hatsi waje. A Disamban 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari. Ba Bature ne ya zuba masararki a tankinsa ba.

Ana cin bini-da-zugu, wanda ake tatsar man mota daga 'ya'yansa?

Guba ne. Ko akuya ba ta taɓa shi, shi ya sa ake shinge da shi. Ku hana yara wasa da 'ya'yansa.

Wani kamfani na neman saurar gidanmu a ƙauye don noman abin yin mai, ya ce ai ba kowa a cikinta. Mu bayar?

Nan ne nake so a nutsu. Ba zan ce kada a bayar ba, don ban ga ƙasar ba, ban ga takardar ba, kuma akwai gidan da matasansa duk suna Kumasi suna tuƙa pragya (keken haya mai ƙafa uku), gona ta zama daji. Irin wannan gida kuɗin haya zai amfane shi. Amma kalmar "ba kowa a cikinta" ita ce ke tayar mini da hankali. Saura hutawa take yi. Je ka duba da asuba cikin damina: mata ne ke tsintar kaɗanya, daga nan man kaɗe da kuɗin makaranta ke fitowa. Ɗorawar daddawa tana can, itacen girki yana can, shanu nan suke kiwo. Wanda ya zo da taswira duk ba ya lissafa waɗannan.

Mun taɓa gani. Wajen 2007 zuwa 2008 kamfanonin waje suka kwaso bini-da-zugu, suna cewa yana yi ko a kan fako. Rayuwa yana yi, 'ya'ya ne ba ya bayarwa sai a ƙasa mai kyau. A yankin Kusawgu an sare itatuwan kaɗanya kafin jama'a su farga. A Agogo, nan kusa da mu, kamfanin da ya zo don mai ya koma noman masara. Kaɗanyar da aka sare kuwa sai ta shekara goma sha biyar ko fiye kafin sabuwa ta yi 'ya'ya.

In dai za ku bayar, to shekara nawa? Tsarin mulkin Ghana na 1992 bai yarda a ba baƙo haya fiye da shekara 50 a karo ɗaya ba, ni kuwa ko 50 ɗin ta yi mini yawa. A kawo safiyo ya auna, ku san eka nawa ce. A rubuta cewa in suka daina noma ƙasa ta dawo. A bar itatuwan. Kada dattijo ya dangwala yatsa a takardar Turanci sai lauyanku, ba nasu ba, ya karanta masa. A yi rajista a Hukumar Filaye. Kuma a kira matan gidan zaman, ko da baffa zai ɓata rai. Duk da haka ban ɗauki alkawarin ba za a yi rigima ba, musamman inda sarki da dangi ke jayayya kan mai ikon bayarwa.

Rogo fa? An ce shi ma ana yi da shi.

Ana yi. Kwantar da hankalinka, garin rogonka na nan.

Zan iya zuba man gyaɗa a aboboyata (babur ɗin kaya mai ƙafa uku)?

Ɗana, injin fetur ne da kai. Je ka tambayi kuɗin galan ɗin man gyaɗa a kasuwa tukuna.