Majalisar Sarakunan Arewa: wa ke da kujera, kuma har zuwa yaushe?

Duk lokacin da aka ta da zancen ba sarakuna gurbi a kundin tsarin mulki, sai saƙonni su cika waya. Wasu na cewa a zamanin Turawa sarki na zama a majalisa har mutuwa, babu mai iya taɓa shi. Wasu kuma sun tsorata, wai idan aka dawo da irin wannan majalisa sarakuna za su riƙa toshe duk dokar da ba ta yi musu ba. Duka biyun sun kauce wa abin da dokokin wancan zamani suka tanada.

Tsarin mulkin Gwamna Richards, wanda ya fara aiki a Janairun 1947, shi ya kafa wa Jihar Arewa majalisu biyu a Kaduna: Majalisar Sarakuna a sama, Majalisar Wakilai a ƙasa. Ba Sarkin Musulmi ke shugabantar ta saman ba, Babban Kwamishinan Arewa ne, Bature. Duk sarki mai daraja ta ɗaya yana da kujera. Masu daraja ta biyu kuwa sai an zaɓo, kuma doka ta ce kada su gaza goma. Ana gane darajar tun daga sandar girma: ta mai daraja ta ɗaya kanta azurfa ne, ta mai daraja ta biyu tagulla. Kuma ba ta sarakunan Musulmi kaɗai ba ce, Aku Uka na Wukari ma yana ciki.

A wannan matakin shawara kawai majalisar ke bayarwa. Ana kawo mata daftarin doka da kasafin kuɗi ta duba ta faɗi ra'ayinta, amma ba ta yin doka. Babban abin da ke hannunta shi ne tura sarakuna huɗu zuwa majalisar dokoki ta ƙasa baki ɗaya.

A 1951, da tsarin mulkin Gwamna Macpherson, ta samu ikon yin doka tare da Majalisar Wakilai. Aka faɗaɗa ta: Laftanar-Gwamna a kan kujerar shugabanci, jami'an gwamnati uku, dukkan masu daraja ta ɗaya, wasu sarakuna 37, da mai ba da shawara kan shari'ar Musulunci.

Batun wa'adi ne ya fi rikita mutane. Gaskiya ne mai daraja ta ɗaya ba ya tsayawa zaɓe, kuma ba a ƙayyade masa shekaru ba. Amma kujerar ta sarautar ce, ba ta mutumin ba. Yana ciki muddin sanda na hannunsa. Ranar da ya rasu, ko ya yi murabus, ko aka tuɓe shi, ranar kujerar ta kuɓuce masa, magajinsa ya zauna. Su kuwa waɗanda aka zaɓo, sarautarsu kaɗai ba ta isa ta ba su kujera ba, sai zaɓen ya faɗo kansu.

To wa ke da ikon tuɓewa? Gwamna. Dokar naɗi da tuɓe sarakuna ta 1930, wadda aka yi wa kwaskwarima a 1945, ta ce bayan bincike da tuntuɓar masu zaɓen sarki, Gwamna na iya sauke sarki idan ya gamsu cewa al'ada ta buƙaci haka, ko kuma zaman lafiya da kyakkyawan mulki sun buƙata. A lura da wannan sharaɗi na biyu. Ba sai an kama sarki da laifi a gaban alƙali ba, gamsuwar Gwamna ta wadatar. Idan kuma rigima ta tashi kan ko an bi al'ada wajen naɗi, shi ne mai yanke hukunci shi kaɗai. Akwai ma wata dokar daban da ta ba da damar fitar da tuɓaɓɓen sarki daga ƙasarsa a kai shi wani gari.

Ba a takarda abin ya tsaya ba. An sauke Lamiɗon Adamawa Ahmadu a 1953. Bayan 'yancin kai ma ikon bai mutu ba, hannu ya sauya kawai: a 1963 gwamnatin Sardauna ta sa Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya yi murabus, aka kai shi Azare, alhali yana cikin manyan 'yan majalisar. A ganina nan tsarin ya gaza adalci. An ce wa mutum ya zo ya tace dokokin gwamnati, amma rawaninsa na hannun wannan gwamnatin. Da wuya ya buɗe baki yadda ya kamata, kuma talakan da ke fatan sarkinsa ya tsaya masa shi ke asara.

Zancen toshe doka ma an zuzuta shi. Idan majalisun biyu suka saɓa, akwai tanadin zaman haɗin gwiwa, kowace ta turo wakilai daidai wa daida a kaɗa ƙuri'a. Kafin Arewa ta samu mulkin kanta a Maris 1959, Gwamna na da ikon zartar da dokar da yake ganin ta zama dole ko majalisa ta ƙi. Ƙarfin sarakuna na gaske ya fi yawa a En'e, wato hukumar mulkin gargajiya ta masarauta, inda haraji da kotu da 'yan doka da gidan yari suke, sannan a majalisar zartarwa, inda Sarkin Musulmi Abubakar ya zauna a matsayin minista marar ma'aikata.

Daga baya shugabancin Majalisar Sarakuna ya bar hannun Bature, Sarkin Gwandu Haruna ya riƙe shi har juyin mulkin Janairun 1966, lokacin da sojoji suka dakatar da majalisun ƙasar duka. Tsarin mulkin 1999 majalisa ɗaya tak ya ba kowace jiha, naɗi da tuɓe sarakuna kuma dokokin jihohi ke tafiyar da su.