Masu Ba Gidauniyar Kwaleji Shawara Kyauta a Amurka: Mene ne Aikinsu?

Mece ce gidauniyar kwaleji, kuma me ya raba ta da kwalejin?

A Amurka yawancin jami'o'i da kwalejojin gwamnati suna da wata hukuma ta daban, mai rajistar kanta da kwamitin amintattunta, wadda ke karɓar gudummawa, ta juya ta, ta riƙa tallafa wa makarantar. Kuɗin da ya shiga lalitar gwamnatin jiha, dokokin kashe kuɗin gwamnati ne ke hawa kansa, shi kuwa mai bayarwa so yake abinsa ya tafi inda ya nufa. Jami'ar Kansas ta kafa tata tun 1891, kuma ita ake lissafawa ta farko cikin jami'o'in gwamnati. Irin wannan gidauniya tana rajista a ƙarƙashin sashe na 501(c)(3) na dokar haraji, don haka wanda ya ba ta yana samun rangwamen haraji.

Su wane ne waɗannan masu ba da shawara?

Lauyoyin gado da wasiyya, akantoci, ma'aikatan banki, dillalan inshora da masana zuba jari. Galibi tsofaffin ɗaliban makarantar ne ko mazauna garin, kuma ba a biyansu ko sisi. Kada a haɗa su da amintattu: amintattu ke yanke hukunci, su doka ke tambaya idan an yi ɓarna. Waɗannan nasu baki ne kawai.

To idan ba su da iko, ina amfaninsu?

Manyan kyaututtuka ba kasafai suke zuwa da tsabar kuɗi ba. Hannun jari ne, ko gona, ko gida, ko wani kaso da mutum ya rubuta a wasiyyarsa. Ai Harvard ma da wasiyya ta samu sunanta: John Harvard ya rasu a 1638, ya bar wa kwalejin rabin dukiyarsa da littattafai kusan 400.

A ce wata tsohuwar malamar makaranta ta sayi hannun jarin dala 10,000 tuntuni, yau ya kai dala 80,000, tana son ta buɗe asusun tallafin karatu da sunan marigayi mijinta. Idan ta sayar ta kai kuɗin, sai ta biya harajin riba a kan dala 70,000. Idan kuwa ta miƙa hannun jarin yadda yake, ba ta biyan wannan haraji, gidauniyar ma ba ta biya, ɗalibai su samu kuɗin cif. Ita malamar da wuya ta san haka. Akantanta ya sani. Kuma mutum yakan gaya wa lauyansa da akantansa abin da ba zai taɓa gaya wa ma'aikacin neman gudummawa ba. Shi ya sa gidauniya ke jawo su jiki, don idan maganar wasiyya ta taso a ofishinsu su san abin da kwalejin ke buƙata da yadda ake rubuta shi.

Ana ƙin karɓar kyauta kuwa?

Ana ƙi, kuma a ganina nan ne shawararsu ta fi tsada. Filin da aka taɓa binne tankin mai a cikinsa, kuɗin tsabtace shi na iya fin kuɗinsa. Gidan da ke da bashi a kansa ma haka. Dokar haraji tana neman a kawo ƙiyasin ƙwararre ga kyautar kadara da ta haura dala 5,000, ban da hannun jarin da ake ciniki a kasuwar hannun jari.

A watan Mayu na 2024, a wajen bikin yaye ɗalibai, Jami'ar Florida A&M ta sanar da kyautar sama da dala miliyan 237 daga wani matashin ɗan kasuwa na jihar Texas. An yi tafi, an ɗauki hoto da ƙaton ceki. Ashe hannun jari ne na wani ƙaramin kamfaninsa da ba a kasuwa yake ba, kuma ba wanda ya tantance ƙimarsa kafin sanarwa. Bincike ya gano kyautar ta bogi ce, shugaban jami'ar ya sauka bayan 'yan watanni. Tambaya ɗaya daga bakin akanta, wato wa ya ƙiyasta kamfanin, da ta wadatar.

Mai bayarwa zai iya gindaya sharaɗi?

Zai iya, amma da iyaka. A 1991 wani attajiri, Lee Bass, ya ba Jami'ar Yale dala miliyan 20 don koyar da wayewar Yammacin duniya. Da ya nemi a ba shi ta cewa a kan malaman da za a ɗauka, jami'ar ta mayar masa da kuɗinsa a 1995. Iyalan Robertson kuwa sun maka Jami'ar Princeton a kotu a 2002 kan yadda ta sarrafa kyautar dala miliyan 35 da iyayensu suka bayar a 1961, ba a sasanta ba sai 2008. Lauyan da ya ƙware kan tsara takardar yarjejeniya yakan sa a rubuta tun farko abin da za a yi da kuɗin idan, misali, an rufe sashen da aka ba kyautar dominsa.

Ba a tsoron su yi amfani da kujerar don neman ciniki?

Tsoron na nan, kuma ba a banza ba. Lauya ɗaya ba zai zama na mai bayarwa kuma na mai karɓa a lokaci guda ba, balle idan mai bayarwar tsoho ne da hankalinsa ya fara rauni, magada kuma na gefe suna kallo. Gidauniyoyin da suka san abin da suke yi sukan sa kowane mamba ya bayyana alaƙarsa a rubuce, su kuma nace mai bayarwa ya nemi nasa lauyan. Ƙa'idar ƙungiyar ƙwararrun masu tara gudummawa ta AFP ta haramta karɓar kamasho bisa kason abin da aka tara.

Nawa ake kashewa daga abin da aka tara?

Idan an ba da kyautar ne don ta dawwama, ba a taɓa uwar kuɗin, kamar dai yadda waƙafi yake a Musulunci. Ana zuba ta a jari, a riƙa fitar da kusan kashi 4 zuwa 5 cikin 100 a shekara. Asusun malamar nan na dala 80,000 zai riƙa ba da dala 3,200 zuwa 4,000 duk shekara, sauran ribar a mayar cikin uwar kuɗi don kada hauhawar farashi ya cinye ta.