Ba Elvis ne ya fara kiɗan rock ba

An daɗe ana cewa Elvis Presley ne ya kafa kiɗan rock and roll a Amurka. Amma faifansa na farko ya fito ne a 1954, alhali tun 1938 wata baƙar fata mai suna Sister Rosetta Tharpe ta fara yin faifai da kamfanin Decca. A lokacin Elvis yana ɗan shekara uku.

An haifi Rosetta a 1915 a jihar Arkansas, kuma a coci ta tashi tana waƙa tare da mahaifiyarta. Abin da ya bambanta ta shi ne yadda take kaɗa jita mai lantarki da ƙarfi, ta haɗa waƙar coci da kiɗan rawa. Wasu masu ibada sun ga ta wuce gona da iri. Matasa kuwa suka kwaikwaye ta, har shahararren mawaƙi Little Richard ya taɓa hawa dandali a wasanta yana yaro.

Me ya sa aka manta da ita? Mace ce, baƙa, a zamanin wariyar launin fata. Ta rasu a 1973, kabarinta ya yi fiye da shekara 30 babu ko alama. Sai a 2018 aka shigar da ita Rock and Roll Hall of Fame, wato zauren karrama fitattun mawaƙan rock.